Ɗigo Uku na Jan Farce

Ƙarar sandar ce ta sa na ɗago kai daga kan kulolin shinkafa. Duk Lahadi ina jin ƙarar bugun ƙwallo a filin nan, amma wannan daban take, siririya kamar an daki langa. Kafin in gama ɗagowa Zayyad yana ƙasa, hannuwansa biyu a fuska, jini yana bin tsakanin yatsunsa. Saifullahi kuwa yana tsaye da sandar a hannu, ya kasa ko motsi.

Ni ce Hasiya, mai gidan abinci a unguwar Xiaobei, kuma duk Bahaushen da ya taɓa jin yunwa a Guangzhou ya san ƙofata. Wasan da mazan namu suka jajibo wa kansu sofbol ake ce masa: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya make ta da sanda, sai a yi ta gudu ana zagaye fili. A wajen maƙwabtanmu 'yan China suka koya, har suka shiga gasar unguwa. Har yau ban gane abin da ke sa mai tumbi da 'ya'ya a gida ya yi ta bin ƙwallo yana haki ba, amma tunda bayan hakin shinkafata suke saye, bakina a rufe yake.

A asibiti aka ce ƙashin kumatun Zayyad ya karye, idon hagu kuma sai yadda Allah ya yi. Muna tsaye a baranda sai ga alƙalin wasan, wani tsoho mai suna Liang, da sandar a hammata. Ni na yi tafinta, don Sinancina ya fi na mazan nan duka, ko da yake ba za su yarda ba. Ya ce waɗannan sanduna ba na itace ba ne, zaren kabon ne da aka daskarar da gam, cikinsu rami ne kamar gora, kuma akwai kaurin da doka ta yanka musu. Masu maguɗi sukan cire murfin kan sandar, su ɗora ta a inji su kankare cikinta har bangon ya yi siriri, su mayar da murfin su manne. Daga nan ƙwallo na tashi da gudun da mai jefawa ba zai samu damar kare fuskarsa ba. Ya ce ya matsa wannan a na'urarsa ta gwaji, ta lotsa fiye da ƙima, don haka an kankare ta.

Kafin la'asar an gama yi wa Saifullahi shari'a a kowane shago. Shi ne kullum yake ɗaukar wannan sanda. Shi ne kwanan baya suka yi cacar baki da Zayyad a kan wani kwastoma na Kantin Kwari. Nana Khadija, yayar Zayyad mai sarin kaya a kasuwar Baima, ta tsaya a tsakiyar shagona ta ce in aka sauko daga Juma'a ba a kawo mata wani suna ba, na Saifullahi za ta kai wa 'yan sanda. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ma'anar wannan. Ko ba a ɗaure shi ba, bizarsa ta mutu ke nan, kasuwar fitilun sola da ya gina tun yana saurayi ta bi ruwa, matarsa Firdausi da 'yarsu su tattara su bi shi gida da sunan wanda ya fasa idon ɗan'uwansa.

Alhaji Shehu ne ya sa baki, kamar yadda ya saba. Shi ne babbanmu, mutum mai sakin hannu, wanda ba ya dawowa daga kamfani ba tare da ya miƙa wa wani takalmi ko agogo ko filas ba. Ya ce a rufa wa juna asiri, shi zai yankar wa Saifullahi tikiti ya tafi gida shiru kafin Juma'a. Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Ni dai raina bai kwanta ba, don na san Saifullahi tun yana cin tuwona da hannu biyu, kuma yaron da ke dawo min da cokali in ya tafi da shi bisa kuskure ba shi zai zauna yana kankare sanda ba. Na kira Malam Ilu.

*

Ilu mutumin Dakoro ne ta ƙasar Nijar. Ubansa da kakansa bin sawun shanun sata suke yi, shi kuma da zamani ya jefo shi nan sai ya koma bin sawun kwalayen da suka ɓata tsakanin kamfani da sito da kwantena. Dogo ne, ba ya gaggawa, kuma in kuna magana ƙafarka yake kallo, ba fuskarka ba. Ya shigo sanye da wasu takalman fata masu maɗauri da Alhaji Shehu ya ba shi bara, waɗanda yake ji da su kamar sabuwar mota.

Ya karɓi sandar da Liang ya bar min, ya shinshina murfin, ya bi gefensa da farce, ya juya gindinta. A ƙarƙashin maƙallin hannu akwai ɗigo uku ƙanana na jan farce, a jere.

"Hajiya, wannan na wa ne?"

"Ƙila tambarin kamfani ne."

"Kamfani ba ya shafa jan farce," in ji shi. "Bon. Mu tahi."

Saifullahi muka fara samu a shagonsa, idanunsa sun yi ja. Ilu bai tambaye shi komai ba sai da ya kama hannuwansa ya duba ƙarƙashin farata, ya duba bakin hannun rigar aikinsa da ke rataye.

"Yaushe sandar ga ta fara yi maka daɗi?"

Saifullahi ya sunkuyar da kai. "Kawu, tun bayan baje kolin Pazhou na bazara. Ƙwallon da a da take faɗuwa tsakiyar fili sai ta koma tsallake wayar shingen filin. Wallahi na ɗauka hannuna ne ya faɗa. Har Firdausi na riƙa cika wa baki."

"Taka ce?"

"Ta ƙungiya ce, karo-karo muka yi aka sayo su, duk iri ɗaya. Na gane ta ne da ƙararta. Jakar a wajen Abass take kwana."

Da jin sunan Abass sai zargina ya koma kansa, don shi mai takalma ne a kasuwar Zhanxi Lu, mutumin zangon Kumasi, kuma a bayan shagonsa akwai injin goge tafin takalmi da gwangwanayen gam iri-iri. In akwai wanda zai iya cire murfi ya kankare ya manne, to shi ne. A cikin jirgin ƙasa na gama yanke masa hukunci, har na fara tausayin uwarsa.

Abass ya gan mu ya san abin da ya kawo mu. "Massa Ilu, bincika ko'ina. Ni ban taɓa sandar nan ba kuraa, ko sau ɗaya. Jakar ma a buɗe take yini a bakin fili, kowa na sa hannu, har masu zuwa kallo."

Ilu ya zaro farin hankici ya goge injin, ya goge ƙasansa, ya goge saman kanta inda tsintsiya ba ta kaiwa. Ƙurar da ta fito ruwan ƙasa ce, ta roba da fata. Ya buɗe gwangwanayen gam ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa, yana komawa kan murfin sandar.

"An ce an gan ka ɓangaren kayan wasanni a Pazhou," in ji Ilu.

"Takalmin ƙwallon ƙafa na je gani. Rabin mutanenmu ma suna wajen, har da Alhaji."

Da muka fito na ce masa, "To, Malam Ilu, ka sake shi ke nan?"

"Hajiya, wanda ya kankare kabon baƙar ƙura ba ta barin shi. Tana shiga farce, tana shiga hanci, tana kwanciya bisa kanta. Babu ta wajen Saifullahi, babu ta wajen Abass. Kuma gam ɗin murfin ga bai da warin komi, tsoho ne." Ya ɗan tsaya. "Mun yi ta neman sawun ɓarawo bakin garke, ba mu tambaya ba ko an buɗe ƙofar ma."

*

Washegari muka je wajen Liang, wanda yake da ɗan ɗakin gyare-gyare a bayan filin. Ilu ya ce a yanka sandar gida biyu. Tsohon ya yi ta cewa "meyo, meyo," wato a'a, wai shaida ce ba a lalata ta, sai da na haɗa da magiya da alkawarin farfesun kan rago sannan ya ɗauko zarto.

Ilu ya zura yatsa cikin ramin ya zagaya, sannan ya miƙo min. Santsi ne sumul kamar cikin kofin gilashi, babu ƙarzo ko ɗaya. Liang ya sa tabarau ya haska da fitila, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ya yi kuskure. Inji yana barin zane a zagaye, nan kuwa babu. Bangon siriri ne ƙwarai, amma ba wanda ya rage shi.

"Haka anka haife ta," in ji Ilu. "Wani ya tahi kamfani ya ce a yi mashi ita haka, a shafa mata fenti irin na sauran, sannan ya ɗauke ta ƙungiya ya aje wannan."

Na yi murna, na ɗauka an gama. Muka wuce Baima muka samu Nana Khadija tsakanin dilolin abaya, na zayyana mata komai. Ko kallon guntayen sandar ba ta yi ba.

"Anti Hasiya, wa ya fi Saifullahi sanin hanyar kamfanoni? In bai kankare ba, ai zai iya sa a yi masa. Jiya aka buɗe idon ƙanina, hannuna kawai yake gani kamar inuwa. Suna nake so, ba darasin gam ba."

Ban ga laifinta ba. Da yammacin Alhamis Firdausi ta shigo kicin ɗina da goyo, ta ce Saifullahi ya fara ɗaure kaya, ya ce zai karɓi tikitin Alhaji don kada a zo a kama shi a gaban 'yarsa. Na ba ta kunu, na ce ta jira, alhali ni kaina ban san abin da za ta jira ba. Haushi ya ishe ni, har na ƙona miya, abin da rabona da shi tun ina amarya.

A bayan shagona akwai ɗan ɗaki da maza ke sallah. Aka tayar da magariba, na leƙo don in ɗauki buta, sai na ga Malam Ilu ya yi alwala amma bai shiga sahu ba tukuna. Yana tsugune a bakin ƙofa cikin takalman mutane, yana juya su ɗaya-ɗaya, halin da ya gada wanda ba ya iya bari ko a masallaci. Ya ɗaga wani, ya ajiye gefe. Ya ɗaga wani. Sannan ya jawo nasa na fata, ya ɗaga maɗaurin ya duba ƙarƙashinsa. Ya daɗe a haka, sai na ga ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Mene ne?" na tambaya a hankali.

"Hajiya, gobe ki dafa da yawa. Ki ce wa kowa ya zo." Ya shiga sallarsa.

*

Bayan Juma'a shagona ya cika har bakin ƙofa. Nana Khadija ta zo kai tsaye daga asibiti, riƙe da kular abincin da take kai wa Zayyad. Saifullahi yana can lungu, ba wanda ya zauna kusa da shi sai Abass. Alhaji Shehu yana kujerarsa ta kullum, ƙarƙashin fanka.

Ilu ya ajiye guntayen sandar a kan tebur, ya bayyana abin da muka gani wajen Liang a taƙaice, sannan ya nuna ɗigo ukun.

"Dukanmu nan 'yan kasuwa ne. In za ka sayi kwantena guda ta takalmi, mi kake yi da samfur? Ba ka yarda da bakin laoban mai kamfani. Kana ba wani ya sa, ya sha rana, ya sha ruwa, ka ga in zai ɓare. Kuma ba ka gaya mashi gwaji ne, don in ya sani zai lallaɓa shi. Sai ka yi mashi alama inda ba a gani, don ka gane kayanka in ka sake ganin su."

Mutane suka gyaɗa kai, don ba wanda bai taɓa yi ba. Ilu ya sunkuya ya cire takalminsa na dama, ya ɗora shi a kan teburina kusa da faranti, abin da a wata rana da sai mun yi rigima. Ya ɗaga maɗaurin. Ga ɗigo uku na jan farce, a jere.

"Alhaji, wa ya ba ni takalmin ga?"

Alhaji Shehu ya yi murmushi. "Haba Malam Ilu. Ɗigo ai ko yaro ya iya yi."

"Gaskiya ne. To duk wanda Alhaji ya taɓa yi wa kyauta, shi duba."

Kowa ya shiga laluben abinsa. Wani ya kwance agogo ya juya bayansa. Wani ya cire takalmi. Abass ya ciro caja daga aljihu ya kanga ta a haske. Ni kaina na shiga kicin na kifar da tukunyar lantarkin da na yi shekara ina yi wa Alhaji addu'a a kanta, kuma ga su nan a gindinta, ja wur. Da na fito na tarar kowa riƙe da abinsa, ba mai kallon kowa. Kunya ce ta kama mu gaba ɗaya, ta mutanen da suka yi ta godiya alhali aiki ake sa su.

"Da sahe na biya siton da kayanka suke," in ji Ilu. "Aikina ne, sun san ni. Akwai kwalaye dogaye masu ɗigo uku a kusurwa suna jiran kwantena. Ban buɗe ba. In ka so, mu tahi tare da Liang da zartonshi."

Alhaji ya cire hula ya share goshi. Da ya buɗe baki, muryarsa ta ciniki ce, wadda muka sani.

"Makarantu a gida sun fara wasan nan, na ga kasuwa. Na ce wa kamfani su rage kauri, kamar yadda muke cewa a rage a bokiti da tafin takalmi. Wa bai taɓa cewa a rage ba a cikinku? Sai laoban ya ce min in an rage ma ta fi tashin ƙwallo. Na ce to, riba biyu. Na sa ta a jakarku don in gani da idona, kuma na gani, duk Lahadi ƙwallo tana tsallake waya. Ban yi nufin kowa ya ji ciwo ba, Allah ya sani."

"Wannan na yarda," in ji Ilu. "Tikitin fa?"

Alhaji ya mayar da hularsa ya kau da kai. Tikitin ne ya fi ci mini rai, don da shi ya so Saifullahi ya tafi ɗauke da laifin da ba nasa ba, kuma har yau in na tuna yadda muka yi ta sa masa albarka a kansa sai in ji abinci ya fita raina.

Nana Khadija ta gyara zama. Sai a lokacin ta dubi kular da ke kan cinyarta, sabuwa fil, wadda Alhaji ya kai asibiti da hannunsa ranar Litinin ya ce a riƙa zuba wa mara lafiya abinci mai zafi. Ta ɗaga ta sama a hankali ta leƙa gindinta. Ba ta gaya mana abin da ta gani ba. Ta miƙe ta je ta ajiye ta a gaban Alhaji.

"Tana riƙe zafi, Alhaji," in ji ta. "Tunda abin da kake son sani ke nan. Ofishin 'yan sanda kuma ina nan zuwa yau kamar yadda na faɗa, kwalayenka ba za su kai hannun 'ya'yan mutane ba."

Sannan ta juyo wajena ta ce in ara mata kwano. Na zuba tuwo da miyar kuka a tsohon kwanona na silba, na ɗaure da tsumma. Ta karɓa, ta ratsa mutane har lungun da Saifullahi yake. Ya miƙe tsaye.

"Tun shekaranjiya Zayyad yake tambayarka, ni na hana a gaya maka," ta ce. "Ka yafe mini. Kai za ka kai masa abincin yau."

Saifullahi ya karɓi kwanon da hannu biyu. Ya kai bakin ƙofa sannan ya juyo ya dube ni.

"Anti, a gaya wa Firdausi ta kwance kayan."

Malam Ilu ya cinye tuwonsa tsaf, ya wanke hannu, ya cire ɗaya takalmin ya jera shi kusa da ɗan'uwansa a kan tebur. Na ce masa titi da zafi, ya ɗauki silifas ɗin banɗaki ko zuwa kasuwa ne. Ya ɗaga silifas ɗin ya juya, ya duba ƙarƙashinsu da kyau, sannan ya zura ƙafa ya bi bayan Saifullahi.